Waldar Baba Abakar a Ƙirjin Kurciya

Ku biyun nan, Nana da Isma'ila, kun taso da wani labari a bakinku wanda ban san wanda ya ba ku shi ba, wai Kaka Abakar ne ya ɓata wa mamanku mota har ta rasa kofin tsere. Na taɓa jin Isma'ila yana faɗa wa abokinsa haka a falo yana dariya, kamar labarin wani tsoho da bai san abin da yake yi ba. Ranar na haɗiye maganata don akwai baƙo. Yanzu da na zauna rubuta abin da na gani a rayuwata, ba zan tsallake wannan shekarar ba sai na gyara muku ita, domin rabin labarin kuka riƙe, kuma rabin da bai da amfani.

Kun san ni ɗan Maradi ne, karatu ya kawo ni Paris, na ƙare a ɗakin gwajin ruwan sha inda na tsufa ina leƙen kwalabe. Mamanku Hadiza 'yar Damagaram ce, aikin jinya take yi a asibiti. Lokacin da nake ba ku labari muna zaune a unguwar Belleville, can saman wani bene da matakalarsa ta koya mini haƙuri, Nana tana tatata, Isma'ila kuwa ko labarinsa babu. Wanda ba ku sani sosai ba shi ne kakanku Malam Habu, mahaifin mamanku. Direban babbar mota ne mai bin hanyar Damagaram zuwa Agadas, kuma bai taɓa ganin cewa 'ya mace ba ta da rabo a sitiyari ba. Tun ƙafarta ba ta kai birki ba yake jera mata duwatsu a filin bayan tasha, ya ɗora ta a cinya, ya ce ta bi tsakaninsu kada ta taka ko ɗaya. Ya rasu a hanya tana 'yar makaranta. Ba ta cika maganarsa ba, amma duk wanda ya zauna kusa da ita tana tuƙi ya san wani ya koya mata da ƙauna. Ni kuwa sai da na wahalar da masu ba da lasisi kafin su gaji su ba ni, kuma har yau in zan ajiye mota a gefen titi sai ta kau da kai don kada ta yi dariya.

Wata abokiyar aikinta ce ta ja ta zuwa wasan da suke kira silalom. Ba irin tseren da kuke gani a talabijin ba ne. 'Yan kulob ne, malaman makaranta da masu gyaran famfo da 'yan fansho, suke aron filin ajiye motoci na wani babban kanti ranar Lahadi, su jera turakun roba masu launin lemo, su fitar da hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo ne abokin karawarta, in ka ture turke a ƙara maka lokaci. Ranar farko da mamanku ta ga turakun nan sai ta ce mini duwatsun Babanta ne aka yi wa fenti. Da 'yar motarmu ta cefane ta shiga, wata ƙaramar mota ruwan toka da muke kira Kurciya, ta ɗora hular kwano a kan ɗankwalinta. Mazan wurin suka yi mata murmushin da ake yi wa baƙo. Kafin la'asar murmushin ya canza, har wasu suna zuwa su tsuguna suna leƙen tayoyinta ko akwai wani sirri. Babu wani sirri. Hannunta ne ba ya gaggawa, ba ta fizgar mota, ba ta sa taya kuka a banza, sai ka ga kamar a hankali take tafiya har a faɗi lokacinta. Aikina ni shi ne auna iskar taya, riƙon jaka da zuba shayi, kuma ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Dole in tsaya in yi muku bayanin aji, domin a nan maganar take. Kulob ɗin ya raba motoci gida biyu. Akwai ajin seri, wato mota kamar yadda ta fito daga kamfani. A nan an yarda ka canza taya da birki da mai, abin da kowane mai mota yake canzawa, shi ke nan. Duk abin da ya ƙara wa inji ƙarfi, ko ya rage wa mota nauyi, ko ya ƙara wa jikinta tauri don kada ta karkata a kwana, to ya fitar da ita daga seri ya kai ta ajin gyararru. Can kuwa ba wasa ake ba. Motoci ne da aka fatattake, an cire kujeru, an buɗe inji, an sa musu tayoyi masu faɗi, ba sa ma hawa titi, a tirela ake kawo su. Kuma makin da ka tara a wani aji ba ya bin ka zuwa wani, mota da direbanta tare ake rubuta su tun farkon shekara. Wanda yake duba motoci kafin a fara wani dattijo ne, Musye Bernar, tsohon makaniken jirgin ƙasa, mai 'yar tocila a aljihu. Da farko na ɗauka tsanani ne irin na Nasara. Daga baya na gane wannan dokar ce ta sa mai aikin jinya da motar cefane take iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mai hali, don a seri hannu kawai ake gwadawa.

A shekararta ta uku, mamanku ta riƙe saman ajin seri tun bazara ba ta sauka ba. Saura wasa ɗaya, na ƙarshe, wanda za a haɗu da kulob ɗin kudu a wani tsohon filin jirgi a bayan Lyon. Ba sai ta zo ta ɗaya ba ma, ta gama cikin na gaba-gaba kawai, kofin shekara nata ne. Ni har na share masa wuri a kan kanta, kusa da rediyo.

To ga Baba Abakar. Mutumin Chadi ne, amma a Damagaram ya yi ƙuruciyarsa, a can ya koyi Hausa da mota. Yana da garaji a La Courneuve, can gefen Paris, kuma yawancin aikinsa shirya motocin da mutanenmu suke saya su aika gida ta jirgin ruwa. Kowa ya san al'adarsa. Mota ba ta barin hannunsa sai ya yi mata abin da yake kira ɗaurin ƙirji: ya gitta ƙarfe mai kauri a cikin gidan inji, tsakanin wurare biyun da ƙafafun gaba suke manne da jikin mota, ya bi shi da walda, don kada hanyar gida mai gargada ta tsaga ta. Ko ka ce ba ka so zai yi, kuma ba ya lissafa shi cikin aiki. Shi ne ya tsaya a matsayin uban mamanku ranar ɗaurin aurenmu, shi ya yi mini tambayoyin da suka sa na yi gumi a cikin sanyin Paris. Dije yake ce mata, ni kuma Dakta, ko da yake ya san sarai ban kai nan ba.

Bai taɓa zuwa kallon wasan ba, a zatonsa wani abu ne kamar makarantar koyon tuƙi. Sai a wasan kusa da na ƙarshe muka matsa masa ya zo. Yana tsaye kusa da ni mamanku ta shiga wata kwana mai tsanani, Kurciya ta karkata har tayar baya ɗaya ta ɗaga sama. Haka ƙananan motocin nan suke yi, 'yan kallo har tafi suka yi. Na juyo in yi masa fahariya sai na ga fuskarsa ta canza, carbinsa ya tsaya cak a hannunsa.

Ana sauran 'yan kwanaki tafiya Lyon, mamanku ta kai masa Kurciya ya canza mai da birki kamar yadda ta saba. Da muka je ɗauka, muka tarar ya wanke ta tas, yana tsaye gefenta da fara'ar da ban saba gani a fuskarsa ba.

"Dije, zo ki gani. Dakta, kai ma matso, ko da yake ba ganewa za ka yi ba."

Ya ɗaga murfin inji. Ga ƙarfe nan a gicciye, an shafe shi da baƙin fenti, waldar ta bi gefe-gefe a tsare kamar ɗinkin hula.

"Na ɗaure mata ƙirji," in ji shi. "Yanzu ko kan dutse kika bi da ita, ba abin da zai motsa."

Shekara guda ta tashin asuba, ga ta nan an ƙone ta da wutar walda. Na buɗe baki ke nan sai na ji dunduniyar mamanku a kan yatsun ƙafata, kuma ba da wasa ta taka ba.

"Baba, duk wannan aiki kai ɗaya ka yi shi?"

"Wa zan bari ya taɓa motarki? Ranar nan da na ga ƙafarta a sama ban yi barcin kirki ba."

"Allah shi saka da alheri, Baba. Allah shi bar mana kai."

"Amin, ɗiyata. Kuma Lyon ɗin nan da ni za a je. Na riga na ce ma yara su riƙe garaji."

Muna isa gida ta buga wa Musye Bernar waya, ina tsaye ina ji. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce in an yanke ƙarfen an goge wurin ya koma yadda yake kafin a fara wasa, tana nan a seri, kuma aikin bai fi na rabin yini ba. In kuwa ƙarfen yana nan, to sai ajin gyararru, makinta na shekara kuma ya tsaya inda yake, duk wanda ke bayanta ya wuce ta. Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba amma shi ke riƙe da ita, kuma ba zai so ya ga ta rasa kofin a kan guntun ƙarfe ba. Na ji sanyi a raina, na ce ashe abin mai sauƙi ne. Ita kuwa ta ajiye waya ta shiga kicin ta hau yankan albasa. Na bi ta.

"To, gobe sai mu kai ta wani garaji a yanke."

"Ba a yankewa, Lawali."

"Kamar ya ba a yankewa? Ke ba ki ji abin da mutumen nan ya ce ba? Wahalar da munka sha hwa? Mi ya sa ma kinka yi mai godiya?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai ka san yadda Babana ya rasu?"

"Haɗari, a hanyar Tanut."

"Baba Abakar ne yaron motarshi. Da safen ranar ya ga tsaga a ƙarfen ƙafar gaba, ya nuna mishi. Babana ya ce kaya na jira, in sun komo a yi walda. Bai matsa ba. Yaron mota ne, wa zai matsa ma maigidanshi? Ƙarfen nan ne ya karye. Shi ya fita da karaya a kafaɗa, shi ya rako gawar har ƙofar gidanmu."

Shekaru muna tare da ita, ban taɓa jin wannan ba. Na ce ai ba laifinsa ba ne, ƙaddara ce.

"Je ka faɗa mishi. Inna ta faɗa mishi har ta gaji."

"To mu yi mai bayanin dokar. Mutum ne mai hankali, zai gane."

"Zai gane mana. Da hannunshi ma zai yanke. Sa'an nan ya je Lyon ya tsaya shina kallo ina shan kwana da motar da ya san ba ɗauri. Ni ba ni iya yi mishi haka." Ta share idonta da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Kuma ka ji ni da kyau, ko da wasa kada ka bari ya san abin da ƙarfen nan ya ja."

Ban yarda da ita ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in ni ne da na yanke. Na yi fushi da tsohon da ya taɓa motar mutane bai tambaya ba, na yi fushi da ita da ta ɗauki abin da muka yi wa wahala tare ta bayar ba shawara. Kwana biyu ina amsa mata magana da ka. Amma ko a cikin fushin na san ina kallon wani abu da ya fi ƙarfina. Mamanku tana son kofin nan fiye da ni. Na sha ganin ta a tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta rufe ido tana juya hannu a iska tana bitar kwanoni. Ba wai abin bai dame ta ba ne, ya dame ta ƙwarai, ta dai auna shi da wani abu ta ga wanda ya fi nauyi.

Muka bar Nana wurin maƙwabciyarmu muka kama hanyar Lyon mu uku a cikin Kurciya. Baba Abakar a gaba, ni a baya tare da tayoyi. Duk tsawon hanya ya karkatar da kai yana sauraren motar, in an taka wani ɗan rami sai ya ce, "Kin ji ko? Shiru." Ya zo da kilishi a takarda yana miƙo mini ta kan kafaɗa, ni kuwa ina karɓa ina ci ina jin haushinsa. Ya ba mu labarin Malam Habu da yadda yake gane ciwon inji daga ƙofar gida tun motar tana bakin titi. Mamanku tana tuƙi tana dariya, tana tambayarsa abubuwan da ban taɓa jin ta tambayi kowa ba. Muka kwana gidan wani ɗan Tawa da yake karatu a can, da safe muka wuce filin.

An ba ni aiki ɗaya: in an zo duba mota in janye Baba Abakar. Da layi ya kusa kan Kurciya na ce masa sanyi ya yi yawa, mu je mu nemi kofi mai zafi a rumfar can. Ya biyo ni ba musu. Daga nesa na saci kallo na ga Musye Bernar ya ɗaga murfin, ya haska tocilarsa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya daɗe yana kallon mamanku. Ta gyaɗa kai. Ya ciro harafin aji da yake manne a ƙofar motar ya manna wani. Na cika Baba Abakar da surutun banza a kan tsadar haya a Lyon har aka gama, na tafi karɓo lambarta ina yaba wa kaina da wayo.

Da na dawo na tarar an ajiye Kurciya a layin gyararru. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Dama da hagu motoci ne masu ruri, ba kujera ba kafet, masu su sanye da rigunan tsere. A tsakiya ga motarmu da kujerar Nana a ɗaure a baya, da ɓurɓushin biskit a kai. Wani daga cikinsu ya leƙa ya tambaye ni ko mun ɓata layi ne.

Zagayen farko bai yi kyau ba. Ƙarfen ya canza halin motar, gabanta ya yi tauri, ba ta shiga kwana yadda mamanku ta saba, har ta ture turke, abin da ta yi wata da watanni ba ta yi ba. Ta fito ta cire hular kwano, ta zagaya filin da ƙafa ita kaɗai, hannunta yana juyawa a iska. A zagaye na biyu ta fara jin motar. Na uku kuwa, ya 'ya'yana, da ma kuna wurin. Ta bar birki sai a ƙurarren lokaci, ta riƙa shafar turakun nan kamar za ta ture su amma ko ɗaya bai girgiza ba, Kurciya tana fita daga wannan kwana tana faɗawa waccan ba tsayawa ba tangarɗa. Mai magana a lasifika ya bar abin da yake cewa ya koma kiran lambarta. Na samu kaina ina gudu a gefen igiya da butar shayi a hannu, ni da ba na gudu ko metro zai tafi ya bar ni. Ta gama a tsakiyar ajin gyararru, ta bar motocin tirela da dama a bayanta. Wanda ya tambaye ni ko mun ɓata layi yana cikinsu, kuma ban ji kunyar zuwa in gaishe shi ba.

Lokacinta ya fi na wanda ya ci ajin seri ranar kyau nesa ba kusa ba. Na je na faɗa wa Musye Bernar haka da zafi, kamar shi ya yi mini laifi. Ya ce ya gani, amma ba wanda zai iya cewa nawa ne na hannunta nawa ne na ƙarfen, kuma don kada a yi wannan gardamar aka raba aji. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Wani saurayi ɗan kulob ɗinmu ya ɗaga kofin shekara. Mamanku ta tsaya a gaba tana tafa masa har ya sauko, fuskarta ba ta nuna komai ba, sai dai na ga yadda ta damƙe igiyar hular kwanonta.

Baba Abakar bai je wurin ba da kofi ba. Na same shi wurin Kurciya, ya ɗaga murfin inji, yana bin waldar da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ga ƙarfe da zafi amma bai janye hannu ba. Ya bi ta sau ɗaya, ya sake bi. Da mamanku ta iso ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Ta riƙe, Dije."

"Ta riƙe, Baba."

Abin da suka ce ke nan. A hanyar komawa ya yi barci tun kafin mu fita Lyon, kansa a jingine da gilashi, har da minshari.

Damar ba ta sake dawowa ba. Shekarar da ta biyo aka samu cikin Isma'ila, daga nan aka ƙara mata nauyi a asibiti, Lahadinta ta zama ba tata ba. Ta ɗan koma wasan jefi-jefi don nishaɗi, amma ba ta ƙara bin shekara daga farko har ƙarshe ba. Kurciya muka aika wa kawunku a Damagaram, kuma ita kaɗai ce motar da ta bi ta garajin La Courneuve ba a yi mata komai ba, don an riga an yi. Wurin da na share kusa da rediyo, hoton yayen Nana ne ya zauna a ciki. Ni kuwa na riƙe alkawari. Shekara da shekaru Baba Abakar yana zuwa gidanmu cin tuwon sallah, yana ba baƙi labarin ranar da ɗiyarsa ta kara da motocin tirela, ina cije baki ina zuba masa miya.

Sai da ƙarfinsa ya ƙare ya yanke shawarar komawa Chadi, kuna manyan yara lokacin, kun tuna walimar da aka yi masa. Ana gobe zai tashi na je garajin in taya shi kwashe kaya. Muka zauna a kan tsofaffin tayoyi yana dafa shayi a 'yar tukunyar gas. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Dakta, kofin nan da ka kai ni sha a Lyon bai da daɗi ko kaɗan."

Na yi dariya na ce ai ya daɗe.

"Kai kana ta zuba a kan kuɗin haya, ni ina kallon Nasaran nan ta bayan kafaɗarka. Da ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya canza harafi, na gane. Shekara nawa ina gyaran mota a ƙasar nan, ka ɗauka ban san mota na da aji ba? Ban dai yi tunaninshi ba ranar da na kunna wuta. Tsoro ne ya rufe mini ido."

Na tambaye shi me ya hana shi magana.

"Na yi magana mana. Da ka tafi karɓo lamba na je na same ta. Na ce Dije, na ga injin yankan ƙarfe a motar mutanen can, akwai sauran lokaci, ba ni izini in cire abin da na sa. Har na tuɓe riga."

"Mi ta ce?"

Ya juye shayin daga wannan kofi zuwa wancan, ya daɗe yana yi.

"Ta ce, Baba, da Babana na da rai, ranar da ya ga ƙafar motar nan a sama shi zai shiga ƙarƙashinta ya yi abin da ka yi, kuma shi ma ba zai tambaye ni ba. Ubana ne ya yi mini aiki, ba mai yanke shi. Mai da rigarka, sanyi ake." Ya miƙo mini shayin. "Tun ranar da na kai gawar maigidana gida ban ƙara kwana ban ga tsagar nan ba, sai a hanyar Lyon. Sa'an nan ta ce kada in faɗa maka, wai kai a barka da wayonka."

Na koma gida na tarar da mamanku tana ninke kaya. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta, matar da ta sa ni gadin sirrin da kowa ya sani sai ni. Na so in yi faɗa, na kasa. Ta dube ni ta gane daga ina nake, ta ce in cire takalmi kafin in taka mata kafet.

Don haka, Isma'ila, in abokinka ya sake tambaya ina kofin mamanka, kada ka ce wani tsoho ne ya ɓata mata mota. Ka ce kofin yana hannunta, saura ta rufe yatsu, ta ga wanda ya fi ta bukatar wani abu ranar, ta buɗe hannun da saninta. Kuma in kun je Damagaram ku ce kawunku ya ɗaga muku murfin Kurciya. Fentin ya tafi, kujerun sun yage, amma waldar tana nan ba ta tsage ba.